Raunin baki a tsufa

Raunin baki a tsufa shi ne raguwar ƙarfin tauna, haɗiya da furuci da ke samun tsofaffi sannu a hankali. Likitoci na ɗaukarsa a matsayin alamar farko ta raunin jiki gaba ɗaya. Masana a ƙasar Japan ne suka fara bayyana shi a matsayin yanayi mai zaman kansa.

Alamominsa sun haɗa da ƙwarewa ko tari yayin shan ruwa, zubar abinci daga baki, bushewar baki, kasa cin abinci mai tauri, da sarƙewar harshe wajen magana. Idan abinci ko yawu ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, yana iya haddasa ciwon namoniya. Wahalar ci kuma kan jawo rama da zubewar tsoka.

Wajen gwaji, ana ƙirga haƙoran da suka rage, a auna ƙarfin harshe, sannan a sa mutum ya maimaita "pa", "ta" da "ka" da sauri. Ƙasa da sau 6 a daƙiƙa ɗaya na nuna rauni.

Wani bincike da aka yi kan tsofaffi kusan 2,000 a birnin Kashiwa na ƙasar Japan, aka wallafa a 2018, ya gano cewa haɗarin mutuwa ya ninka kusan sau biyu ga masu wannan rauni. Tun 1989 Japan ke gudanar da gangamin 8020, mai burin mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20.