Tubalan da suka faɗo daga Masko

A ƙarshen shekarar 1993, ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal a Maraɗi, wani ɗan ajinmu wanda mahaifinsa ke fatauci tsakanin Kano da garinmu ya zo da wani abu a aljihu. Ƴar roba ce mai ruwan toka, tsawonta bai kai taƙi ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. A jikinta an rubuta Brick Game, an kuma yi alkawarin wai wasanni 9999 ne a ciki. Ƙarya ce irin ta kasuwa, domin wasannin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, sauran duk maimaici ne da aka sauya wa sauri. Guda ɗaya ne ya kama mu: tubala baƙaƙe suna saukowa daga sama, mai wasa yana juya su, yana nema musu gurbi, in layi ya cika sai ya ɓace. Mun sa masa suna wasan bulo. Sai da na yi shekaru a lise kafin in ji cewa sunansa Tetris, sai kuma da na fara koyarwa kafin in san cewa yana da uba, kuma uban nan ya yi shekara goma sha biyu bai ci ko dala daga abin da ya haifa ba.

Sunan mutumin Aleksei Pajitnov, an haife shi a Masko a 1955. Ma'aikaci ne a cibiyar lissafi ta Majalisar Masana Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, inda aikinsa ya shafi koya wa na'ura gane muryar ɗan Adam. Tun yana yaro yake son wani wasan ƙwaƙwalwa na katakai goma sha biyu, kowane an haɗa shi da murabba'i biyar, wanda ake so a jera su cikin akwati ba tare da an bar rami ba. Da ya so ya mai da shi cikin na'ura sai ya ga goma sha biyu sun yi yawa, ya rage murabba'in zuwa huɗu, siffofin suka koma bakwai. Daga kalmar Girkanci ta huɗu, tetra, da wasan tanis da yake so, ya ƙera sunan. Ranar 6 ga Yuni 1984 ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar wasan. Kwamfutar da ya yi aikin a kanta, Elektronika 60, ba ta iya nuna hoto, haruffa kawai take fitarwa, don haka da alamomin baka-biyu na rubutu ya zana tubalansa. Dabarar da ta raya wasan kuwa ta zo ne daga matsala: filin yana cika cikin ɗan lokaci, wasa ya ƙare. Sai ya ce to layin da ya cika ya ɓace, a samu wuri.

Wani ɗalibi ɗan shekara 16, Vadim Gerasimov, ya taimaka aka mai da wasan kan kwamfuta samfurin IBM, mai launi. Daga nan ya bi hannu zuwa hannu a kan faifai, kyauta, daga ofis zuwa ofis a Masko, har ya tsallaka zuwa ƙasar Hangari. A Budapest ne, cikin 1986, wani dillali mazaunin Ingila, Robert Stein, ya gan shi. Ya aika wa Masko saƙon teles, ya samu amsa mai kama da amincewa, shi kuwa ya ɗauke ta a matsayin ciniki ya faɗa. Ya shiga sayar da iznin wasan ga kamfanin Mirrorsoft na attajirin jaridu Robert Maxwell da kuma Spectrum HoloByte na Amurka, alhali bai riƙe ko takarda ɗaya mai sa hannu ba. Mu da muka tashi a bakin kasuwa mun san irin wannan dillali, mai sayar da akuya tana turken mai ita. A farkon 1988 wasan ya shiga kantunan Amurka cikin jan kwali da hotunan Rasha, domin masu talla sun gane cewa abin da ya fito daga bayan katangar kwaminis yana da nasa kwarjini.

A tsarin Sobiyet, abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da na'urar gwamnati ba nasa ba ne. Pajitnov ya miƙa hakkin wasan ga hukuma na tsawon shekara goma, aka damƙa cinikinsa ga Elorg, ma'aikatar da ke kula da fitar da kayan kwamfuta waje. A watan Fabrairu na 1989 mutum uku suka sauka Masko cikin mako guda, kowa bai san da zuwan ɗan'uwansa ba: Stein, da Kevin ɗan Maxwell, da Henk Rogers, haifaffen Holan mazaunin Japan, wanda ya shiga ƙasar da bizar yawon buɗe ido, ya nemo ofishin Elorg ba tare da an gayyace shi ba. Jami'in da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, Nikolai Belikov, bai taɓa cinikin wasa ba, amma ya yi musu abin da tsohon ɗan kasuwa zai yi alfahari da shi. Da Rogers ya nuna masa kaset ɗin Tetris da ake sayarwa a Japan don na'urar da ake jona wa tele, Belikov ya ce su ba su taɓa ba kowa wannan izni ba. Sa'an nan ya sa Stein ya sa hannu a kan gyararriyar yarjejeniya, wadda a cikinta aka cusa ma'anar kalmar kwamfuta: na'ura mai allon rubutu da gilashin kallo da wurin sa faifai. Stein ya shagala da maganar tarar jinkirin biya, bai lura ba. Da jimla ɗaya aka raba shi da duk na'urorin wasa na gida.

A matsayina na mai koyar da harshe, wannan wurin ne na fi so a labarin, kuma nakan ba ɗalibai shi idan suka raina darasin ma'anar kalmomi. Iznin na'urar hannu ya tafi ga Rogers, na na'urar tele ya tafi ga Nintendo. Maxwell ya kai kuka har wurin Gorbachev, bai samu komai ba. A Amurka kotu ta tilasta wa kamfanin Tengen ya janye nasa kaset ɗin daga kasuwa cikin Yuni 1989. A shekarar ce Game Boy ya fito, a Japan cikin Afrilu, a Amurka cikin Yuli, can kuma da Tetris a cikin kwalinsa. An sayar da kaset ɗin wajen miliyan 35. A 1993, shekarar da muke cincirindo a kan ƴar robarmu, ɗan sama jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi da Game Boy ɗinsa da Tetris tashar Mir. Shi kuwa Pajitnov, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi: ya ƙaura Amurka a 1991, ƙasar da ta riƙe hakkinsa ta rushe a watan Disamba na shekarar, bai fara samun rabonsa ba sai 1996, da shi da Rogers suka kafa kamfanin Tetris.

Duk wannan tarihi na manyan ofisoshi ne, kuma an rubuta shi, har an yi fim a kansa a 2023. Wanda ya shafe mu shi ne na bayan fage. Game Boy a Amurka kusan dalar Amurka 90 ne kuɗinsa, wato wajen jikka 29 na sefa a canjin 1989, abin da ya fi mafi ƙarancin albashin wata na ma'aikaci a Nijar a wancan zamani. Ba domin ƴaƴan talakawa aka yi shi ba. Abin da ya iso gare mu shi ne kwaikwayon da masana'antun ƙasar Sin suka yi, ba izni, ba sunan maƙeri, pil biyu kawai yake ci, kuma shi ne ya cika kasuwannin ƙasashen da ba su da ƙarfin sayen na asali, har da ita kanta Rasha bayan rushewar Sobiyet. Yaron Masko na shekarun 1990 da yaron Maraɗi kusan roba ɗaya suka riƙe. Tamu ta biyo hanyar da kayan koli suka saba bi, daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, ta sauka a kan teburan masu agogo da tocila da rediyo. Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda dukiyar garin ta tashi daga gyaɗa ta koma ga cinikin iyaka. Wannan ƙaramin kaya ɗan wannan ciniki ne, ko da yake ya yi ƙanƙanta da a sa shi cikin littafi. Abin da ya ƙara ba ni dariya da na girma shi ne jin cewa kiɗan da ya yi suna a Tetris na Game Boy, Korobeiniki, tsohuwar waƙar Rasha ce da aka gina kan baitocin Nekrasov na 1861, kuma a kan ƴan koli take magana.

Na'ura ɗaya ce a ajinmu na yara fiye da sittin, don haka sai da muka kafa mata doka. Mai ita yana karɓar dala biyar a kan wasa uku, in ka mutu ka miƙa. Kalmar da muke amfani da ita ke nan, mutuwa, kamar yadda muka ce an ci layi, aron bakin ƴan dara. Siffofin nan bakwai mun raɗa musu suna: doguwar ita ce sanda, mai kusurwa huɗu bulo, karkatattun nan biyu da ba su zama ko'ina lafiya muka ce musu kishiyoyi. Ba wanda ya karanta mana takardar bayani, ba mu kuma nemi Faransanci ba. Wanda ya taɓa ganin magini a bisa katanga ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana dasawa, ya riga ya fahimci wasan, sai dai a nan daga sama tubalin ke zuwa, kuma mai jefowar ba ya jiran ka shirya.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Manya suna maganar albashin da ba a biya ba da tsadar magani, mu kuwa ta fuskar pil abin ya same mu. Muka koyi shanya shi a rana, muka koyi cizon sa da haƙori don a tatso sauran ƙarfinsa, har hoton tubalan ya dusashe sai an karkata gilashin kafin a gani. Ranar da mushenmu ya ji ƙarar abin a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasin lissafi, ya karɓe, ya yi wa mu biyar bulala, ya jefa shi cikin aljihun teburinsa. Bayan kwana biyu aka aike ni ofis da kaye, na iske shi da na'urar a hannu, ya ƙura mata ido, bai ma ji sallamata ba.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka ya kamata in yi adalci. Wasan bulo bai fi dara ba. Dara tana da gurbi talatin, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, ana neman jera uku a ci ɗan abokin karawa, kuma tana buƙatar mutum biyu da ƴan kallo masu tsokana. Shi kuwa wannan baƙo shi ne farkon abin da na gani ya sa yaro ya sunkuyar da kai ya manta da wanda ke gefensa. Talauci ne kawai ya mai da shi wasan taro a wurinmu, da yake guda ɗaya ne kawuna goma suka rufa a kansa. Da kowa ya samu nasa, da tun 1993 mun zama irin ɗaliban da nake karɓe wa salula a yau, ina jefawa cikin aljihun teburina.

Wani abu kuma da muka yi ta gardama a kansa a ƙarƙashin bedi shi ne ko wasan yana da ƙarshe. Akwai mai rantsuwa cewa yayansa ya kai wurin da na'ura ke yin tafi. Masana lissafi sun amsa tambayar: a 1997 Heidi Burgiel ta tabbatar da cewa in wasa ya yi tsawo, dole wata rana kishiyoyin nan biyu su yi ta zuwa a jere har su kashe ko wane gwani. Sai dai a watan Disamba na 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 a Tetris na tsohuwar na'urar Nintendo, inda ita na'urar ce ta sandare. Ya sadaukar da nasarar ga mahaifinsa da ya rasu a cikin watan.

A shekarar 2000 Robert Stickgold na jami'ar Harvard ya sa mutane suka yi ta buga Tetris na wasu kwanaki, a cikinsu har da masu ciwon mantuwa waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta riƙe sabon abu. Da barci ya fara ɗaukar su aka tambaye su me suke gani, wasu daga cikin marasa lafiyar suka ce tubala suke gani suna saukowa suna juyawa, alhali ba su tuna sun taɓa yin wasan ba, ba su ma gane wanda ya koya musu ba. Ni ma a damanar 1994 na gan su a jikin rufin ɗakinmu, dare bayan dare, har mahaifiyata ta ji ina cewa a ba ni sanda cikin barci, da safe ta tambaye ni wa nake faɗa da shi a lakwal.