Matcha da Gahawa: Tarihin Masu Gudun Barci

Matcha ganyen shayi ne da ake niƙawa ya zama gari lukui, kore shar, a zuba masa ruwan zafi, a burga shi har ya yi kumfa, a shanye ba tare da an tace ba. A ƴan shekarun nan ya yi tashe a Turai da Amurka, masu tallarsa na cewa a bar gahawa a koma masa, wai ya fi lafiya kuma ba ya sa zuciya bugawa. Kafin mu yarda ko mu musa, jama'a, mu fara sanin inda zancen ya faro, don ya girmi kakannin masu yin sa.

Ba a Japan aka fara ba. A ƙasar Sin, zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, masu sarauta da malamai ne ke niƙa shayi su burga shi, har gasa ake yi a ga kumfar wa za ta fi daɗewa. A 1191 wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya koma gida Japan daga neman ilimi a Sin, ɗauke da irin shayi da wannan salon sha. A gidajen ibadarsu almajirai kan daɗe zaune shiru, barci na fizgarsu, shayin ne ke riƙe su. A 1211 ya rubuta littafi kan shan shayi don lafiya, Kissa Yojoki, inda ya kafe cewa ɗaci ne ke gyara zuciya. Shekara uku bayan haka, babban sarkin yaƙin ƙasar, Sanetomo, ya kwana yana shan giya, ya wayi gari jiki ba daɗi. Eisai ya aika masa da kwanon shayi, ya haɗa da rubutunsa. Tallar matcha a matsayin magani ke nan, tun shekaru ɗari takwas da suka wuce.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, gahawa ma ta ƙofar ibada ta shigo. Sufaye a Yaman ne suka riƙa shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, daga nan ta bazu har Makka, inda aka taɓa hana ta a 1511. Mu kuma a nan, goron da fatake ke ɗauko wa daga Gwanja shi ke wannan aiki. Al'umma uku, buƙata ɗaya.

Sin ɗin da ta ƙirƙiro garin shayi ita ce ta fara yar da shi. A 1391 sarki Hongwu na daular Ming ya hana a riƙa kawo wa fada curarren shayin da ake niƙawa, saboda wahalar da yin sa ke ba manoma, ya ce a kawo ganye zalla. Sannu a hankali burgawa ta ɓace, jiƙa ganye ya maye gurbinta. Jikan wannan ganye ne koren shayin Sin da ya ratso Sahara ta Maroko, wanda ake ɗorawa kan gawayi a Agadas da Damagaram da Maraɗi, a sha zubi uku. Itace ɗaya ne da matcha.

A Japan kuwa aka riƙe tsohon salo, aka ƙara masa dabara. Wajen ƙarni na 16 manoman Uji, kusa da Kyoto, suka fara yi wa gonar shayi rumfa makonni kaɗan kafin tsinka. Ganyen da aka hana rana yakan ƙara kore, ɗacinsa ya ragu. A wannan ƙarnin ne Sen no Rikyu ya daidaita ladubban zaman shayi da ake bi har yau, kafin mai mulki Hideyoshi ya umarce shi ya kashe kansa a 1591.

Masana kimiyya daga baya suka zo. A 1819 Bajamushe Runge ya ware sinadarin kafeyin daga gahawa. A 1827 aka ware wani daga shayi aka raɗa masa suna daban, sai a 1838 aka tabbatar cewa abu ɗaya ne. Wato wanda ya gudu daga gahawa zuwa matcha bai rabu da kafeyin ba. Giram 2 na matcha kan ɗauki wajen miligiram 60 zuwa 70, kofin gahawa kuwa kusan 95. Bambancin na gaske ya bayyana a 1949, da wani masani a Kyoto, Sakato, ya gano sinadarin tiyanin a ganyen shayin rumfa. Shi ake dangantawa da natsuwar da masu sha ke faɗa, kuma rumfar ce ke sa ya taru a ganye. Ga kuma cewa mai shan matcha ganyen kansa yake haɗiya, ba ruwan jiƙonsa kaɗai ba. A ganina iyakar fifikonsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne ga wanda gahawa ke sa hannunsa rawa.

Sai dai a kula. Shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini kada ya kora tuwo da shi. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce mai juna biyu kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a rana, daga gahawa ne, ko shayi, ko goro. Wanda kuma aka cika wa sukari da madara, lafiyar da ake nema ta riga ta narke.

Saura tsada. Dutsen niƙa guda a Uji bai wuce ya niƙa giram 40 a awa ɗaya ba, shi ya sa da duniya ta yi wa matcha caa a 2024, tsofaffin shagunan Kyoto irin su Ippodo suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya.