Yunƙurin Kisa da Ɗaukaka Ƙara Kan Ƙin Sake Hukunci a Kaliforniya

A 2018 majalisar dokokin jihar Kaliforniya ta Amurka ta zartar da dokar SB 1437, wadda ta taƙaita ɗora wa mutum alhakin kisan da ba shi ya yi ba, bai kuma nufa ba. A da, wanda ya raka abokinsa dukan wani, abokin ya zaro bindiga, ana iya ɗaure shi da laifin kisa bisa hujjar cewa duk mai hankali zai hango inda rigimar za ta kai. Dokar ta ba irin waɗannan fursunoni damar neman a sake musu hukunci, amma ta yi shiru kan yunƙurin kisa. Sai ga shi wanda abokinsa ya kashe rai yana da mafita, wanda nasa abokin ya yi harbi ya kuskure ba shi da ita. Dokar SB 775, da ta fara aiki a Janairun 2022, ta gyara wannan. Tanadin yana sashe na 1172.6 na kundin laifuffukan jihar.

Duk da haka ƙofar ba faɗi gare ta ba, domin sai wanda aka kama da yunƙurin kisa bisa waccan hujja ta hangen sakamako ne zai amfana. Shi ya sa, idan aka ƙi buƙatar, ɗaukaka ƙara kan rataya a kan tsohuwar takarda: umarnin da alƙali ya karanta wa masu taya shi yanke hukunci. In babu waccan hujja a ciki, galibi magana ta ƙare. Wanda ya amsa laifinsa tun farko ba shi ma da wannan takarda, kuma shari'ar Patton ta 2025 ta yarda a duba bayanan zaman share fage don ƙaryata iƙirarinsa idan bai kawo abin da zai musanta su ba.

A shari'ar Lewis ta 2021 Kotun Ƙolin jihar ta ce a naɗa wa mai nema lauya, kuma kada alƙali ya auna shaidu a matakin farko. Wannan daidai ne. Inda nake da ja shi ne shari'ar Delgadillo ta 2022. A can kotun ta ce idan lauyan ɗaukaka ƙara bai ga abin kamawa ba, ba dole ne alƙalai su bi fayil ɗin da kansu ba. Za a aika wa fursuna wasiƙa, a ba shi kwana 30 ya rubuto hujjarsa, in ya yi shiru ana iya korar ƙarar.

Masu goyon bayan wannan hukunci na cewa buƙatun sun yi yawa, wasu ma daga waɗanda suka ɗana kunamar bindiga da hannunsu suke. Gaskiya ne. Amma kuskuren da ake nema a nan yakan ɓuya cikin jimla ɗaya ta umarnin da aka karanta shekaru da dama da suka wuce, abin da ƙwararren lauya ma kan tsallake, balle mutumin da ke kurkuku da biro da 'yan takardu. Shari'ar Curiel ta 2023 ta nuna zurfin abin: ko an tabbatar mutum ya yi niyyar kisa, wannan kaɗai bai isa a kori buƙatarsa a matakin farko ba.

Delgadillo ta bar wa kotunan ɗaukaka ƙara zaɓin duba fayil in sun ga dama, Kotun Ƙolin ma ta duba fayil ɗin shi Delgadillo kafin ta tabbatar da ƙin. A ganina kamata ya yi wannan ya zama ƙa'ida, aƙalla inda aka kori buƙata ba tare da zaman sauraron shaidu ba.