Gambo Sawaba da ƙuri'ar matan Arewa

A zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya share fagen mulkin kai, matan Kudancin Nijeriya sun bi layi sun jefa ƙuri'a. Na Arewa kuwa ko katin zaɓe ba a ba su ba. NPC, jam'iyyar da ke mulkin Jihar Arewa, ta kafe cewa lokaci bai yi ba.

Babu wadda ta ji jiki a kan wannan magana kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. An yi mata aure tana 'yar shekara 13, bokonta bai yi nisa ba, amma akwai baki, ga rashin tsoro. Tun da ƙuruciyarta ta shiga NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya ja ragamarta, har ta zama shugabar mata. Ta kuma taka har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar matan garin, don ta ga yadda ake haɗa kan mata.

Inda ta fi ba hukuma ciwon kai shi ne cikin gidaje. Ɗan siyasa namiji iyakarsa zaure. Ita kuwa sai ta yi sallama ta wuce tsakar gida wurin matan kulle, a shimfiɗa mata tabarma, ta kawo zancen auren wuri da karatun 'ya'ya mata da ƙuri'a. Hukumar gargajiya ta En'e ba ta lamunta ba. A Kano an gurfanar da ita gaban alƙali, an ɗaure ta, an kuma kore ta daga garin. Ta sha duka a hannun 'yan banga, an taɓa aske mata kai don wulaƙanci, kuma ana lissafa ɗaurinta har sau 16.

Abin takaici, Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966 zaɓaɓɓu ba su biya wannan buƙata ba. Sojoji ne suka biya ta, a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 zamanin Obasanjo, sannan a 1979 matan Arewa suka zaɓi shugaban ƙasa. A lokacin Gambo Sawaba tana cikin shugabannin jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Ta rasu a 2001.

Ƙuri'a dai ta samu, kujera ce har yau ake ja. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi ƙara wa mata wakilci, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Bayan zaɓen 2023, huɗu kacal ne mata cikin sanatoci 109.