Yadda Zara Ta Ƙaryata Hisabin Malaman Falaki

Tun zamanin Badalimusa, malaman nujumu, har da na Musulmi da suka gaji littattafansa suka yi musu sharhi, sun siffanta Zara da ɗabi'ar laima. Ko da ilmin falaki ya sauya, aka tabbatar duniyoyi ne ke kewaya rana, wannan zato bai gushe ba, sai ma ya sami hujja daga hisabi. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk duniyar da nisanta daga rana ya ninka sau biyu, rubu'in hasken kaɗai ke isa gare ta. To, tsakanin Zara da rana kilomita miliyan 108 ne, mu kuwa miliyan 150, saboda haka rabonta na haske ya kusa biyun namu. Amma da yake farin girgijen da ya lulluɓe ta yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken, sai aka hukunta cewa zafinta ba zai zarce na ƙasashen kurmi da yawa ba. A 1918 ma Svante Arrhenius, shahararren masanin Suwidin, ya bayyana ta a matsayin fadama mai jiƙe sharkaf.

Shakka ta fara shiga a 1956, sa'ad da Cornell Mayer da abokan aikinsa a Amurka suka auna igiyoyin rediyon da ke fitowa daga gare ta, suka ga alamar zafin da ya haura digiri 300. Da yawa suka yi gardama, suna cewa daga can saman iskarta ne, har kumbon Mariner 2 ya gifta ta a Disambar 1962 ya raunana hujjarsu. Wanda ya yanke hukunci shi ne kumbon Venera 7 na Tarayyar Sobiyat, wanda ya sauka a kanta ranar 15 ga Disamba, 1970, ya yi minti 23 yana aiko saƙo, ya auna kimanin digiri 475, zafin da ke narkar da dalma.

Ga abin al'ajabi: duniyar Uɗaridu, da ke kilomita miliyan 58 kacal daga rana, zafinta ba ya wuce digiri 430 da tsakar rana, da dare kuwa, saboda rashin iskar da za ta riƙe zafin, yakan faɗi zuwa 180 ƙasa da sifiri. Ita Zara kashi 96 cikin ɗari na iskarta kabon dayoksaid ne, nauyinta ya kai na tamu sau 90, zafi yana shiga ya kasa fita.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Arrhenius ɗin nan shi ne ya fara lissafa, a 1896, yadda iskar kabon dayoksaid ke ɗumama duniyarmu. Sai dai yana da uzuri kan kuskurensa game da Zara, domin ya rasu a 1927, ba a kuwa gano ta a sararin Zara ba sai a 1932.