Daga Wuri zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hukuncin Caca a Ƙasar Katsina

Malaman ƙasar Katsina ba su taɓa yin saɓani a kan haramcin caca ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya cikin hani guda, Risalar Ibn Abi Zaid kuwa, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi, ta hana har wasan nardu da shaɗaranji. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne hannun da ke zartar da hanin. Fuƙaha'u sun tabbatar wa giya haddi, amma suka bar caca a babin ta'aziri, wato horon da shugaba ko alƙali ke ƙaddarawa bisa ijtihadinsa. Don haka makomarta a gaban shari'a kullum tana rataye ga mai riƙe da mulki.

A zamanin da ake caca da wuri a gefen kasuwa, daga baya da karta, ɗan caca yana da sanannen mazauni, dogarai na iya cim masa. Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauki buɗe gidan caca a matsayin laifi. A 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙarƙashin Gwamna Umaru Musa 'Yar'adua. Sai ga dokar tarayya ta 2005 ta kafa hukuma mai ba kamfanonin caca lasisi, kuma da wannan takarda masu shagunan cacar ƙwallo suka daɗe suna fakewa a Arewa.

Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008: tsara sha'anin caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Legas ta nemi wannan iko ne don lasisi da haraji, amma hukuncin da ya ba ta damar halattawa shi ne ya ba Katsina damar hanawa.

Sai dai ikon ya dawo bayan caca ta bar shago. Matashin da ke Dudunni a Ƙaramar Hukumar Kusada yana zuba kuɗinsa ta waya ga kamfani mai lasisin wata jiha. Mafi rinjayen fahimta ita ce aikin ya auku a inda ya zauna ya biya, kuma lasisin wata jiha ba ya ƙetare iyakarta. Hisba na iya garƙame shago a Kankiya, amma kuɗin cacar intanet suna bi ta bankuna da layukan sadarwa, waɗanda duka biyun suna hannun gwamnatin tarayya.