Robar da ke ba da haske kuma take miƙewa

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano, sauya fasasshen sikirin na cikin ayyukan da masu gyara suka fi yi, kuma sau da yawa shi ne abin da ya fi tsada a jikin waya.

Masana kimiyya na ƙoƙarin samar da sikirin da zai miƙe kamar danƙo, maimakon ya fashe.

Mece ce wannan roba?

Robar da aka saba da ita ba ta barin lantarki ya ratsa ta, shi ya sa ake lulluɓe wayar wuta da ita.

To amma a 1977, Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger sun gano cewa wani nau'in roba yana ɗaukar lantarki idan aka sa masa aidin. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2000.

A 1990 kuma, masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun nuna cewa irin wannan roba na fitar da haske idan aka ba ta wuta, ba tare da fitila a bayanta ba.

Ina matsalar take?

Lanƙwasawa daban, miƙewa daban. Wayoyi masu naɗewa, irin Galaxy Fold ta Samsung da ta fito a 2019, suna naɗuwa ne kamar takarda, amma ba sa janyuwa.

Robar ta ƙunshi dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari. Sai sun jeru a tsare lantarki ke gudana sosai, sai dai wannan tsari yana sa ta tauri, ta tsage idan aka ja. Idan kuma aka tausasa ta, haske ya ragu.

Ina aka kwana?

A 2022, ayarin Farfesa Zhenan Bao a Jami'ar Stanford ta Amurka ya gauraya robar mai haske da wata mai laushi. Sarƙoƙin suka zama siraran zaruruwa masu haɗe da juna kamar raga, aka samu fitilar da ke ci gaba da haske ko an ja ta har ninkin tsawonta.

Kamfanin LG ya bi wata hanya. A 2024 ya nuna sikirin da ke miƙewa da kashi 50 cikin 100, inda aka dasa ƙananan fitilu a kan shimfiɗa mai laushi.

Wa zai amfana?

Mai yiwuwa asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, su riga masu waya cin moriyar abin. A 2021 Samsung ya gwada wani sikirin da ake mannawa a wuyan hannu kamar filasta, yana auna bugun zuciya yana nuna shi.

Sai dai da sauran rina a kaba. Danshi da iskar oksijin na lalata waɗannan sinadarai, zafi kuma na rage musu kwana. Gilashi na tare danshi amma ba ya miƙewa, roba na miƙewa amma danshi na ratsa ta.

Har sai an warware wannan, masu gyara a Farm Centre za su ci gaba da sauya gilashi.